Ranar Da Na Kai Wa Baffanku Ɗan Wake

Kun taso kuna jin matan unguwarmu suna kirana Mai-ɗan-wake, kuma na san kowannenku da labarin da aka ba shi game da asalin sunan. Wasu sun ce muku miya na ƙona. Masu kaifin baki kuwa cewa suka yi nama na ɓoye wa yayan mijina don rowa da riƙo, na tura masa abincin yara. Ban taɓa musa wa kowa ba. Ke Rabi har kin taɓa dawowa daga rijiya kina kuka saboda gorin da aka yi miki, na ce ki share hawayenki ki sauke tulun. Mu huɗu muka san abin da ya faru a ranar: ni, da babanku, da kakarku Inna, da Baffanku Malam na Daura. Ukun duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Tunda ƙafa ta fara ƙin tafiya, ido ma yana neman bin sahunta, gara ku ji daga bakina kafin ku ci gaba da gadon labarin mutanen gari.

Babanku da Baffanku ciki ɗaya suka fito, amma in ba a gaya maka ba ba za ka yarda ba. Baffa shi ne babba. Tun yana yaro aka kai shi karatu cikin birnin Daura, ya zauna can yana karantarwa a zaurensa, mutum ne mai auna magana kafin ya sake ta, in ya sake ta kuma ba ya janyewa. Babanku kuwa ɗan kasuwar dabbobi ne, yau yana karar Mai'adua, gobe yana Baure, dariyarsa tun daga bakin gari ake jin ta. Ba ya wasa da salla, wannan ni shaida ce, amma ba ya iya ce wa aboki a'a. Wannan halin ne ya jawo mana abin da ya jawo.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu na haifi Bashir. Lokacin kowa a ɗame yake, wa'azi ko'ina, makaɗa sun rataye gangunansu suna jiran su ga inda iska za ta kaɗa. Ranar suna Baffa ya zo tun da sassafe, shi ya raɗa sunan, aka yi addu'a. Da hantsi ana shirin fito da abinci sai ga abokan babanku 'yan kara sun iso da masu kalangu, wai sun zo taya shi murna. Babanku bai gayyace su ba, amma bai kore su ba, har ma aka ce an ga kafaɗarsa tana motsi. Ina ɗaki ina jin kiɗan, sai na ji ya tsaya cak. Daga baya aka gaya mini Baffa ne ya miƙe a gaban jama'a, an ajiye masa kwano bai ko buɗe ba, ya saka takalminsa ya ce:

"Wallahi ba zan ƙara sa hannu a kwanon gidan da ba a bambance halal da haram ba."

Ya tafi. Babanku ya ji zafin maganar fiye da yadda ya nuna, domin a gaban surukansa da abokan kasuwarsa aka faɗe ta. Daga nan zumunci ya koma na gaisuwa a wurin jana'iza. Baffa yakan zo duba Inna, tunda a gidanmu take zaune, amma a tsaye yake gaishe ta, ko ruwan randarmu ba ya sha. Shekaru suka ja a haka. Kun san Inna ba ta taɓa kama sunan Baffa saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan na birni", amma duk ranar da ya zo ya tafi ba ta iya cin tuwon dare.

Wata damina ciwon ƙafa ya kwantar da ita, idonta kuma ya yi rauni har sai ta shafa abu take gane shi. Da ta ɗan farfaɗo, wajen kaka, sai ta aika wa Baffa saƙo ta bakin wani mai kai hatsi Daura. Ta ce a gaya wa wancan na birni, in bai zo ya ci abinci kwano ɗaya da ƙanensa a ƙofar ɗakinta tana raye ba, to ranar da ta mutu kada ya kama makararta. Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai nauyin wannan ba. Amsa ta dawo cewa zai zo ranar Litinin, a je a ɗauko shi bayan la'asar in ya sallami ɗalibai.

Babanku ya rasa inda zai sa kansa don murna. Akwai wani ɗan taure da ya daɗe yana kiwo, ya ƙi sayar da shi duk tayin da aka yi masa, shi ya ce za a yanka. Ranar da safe yara duk kun tafi makaranta, mazan unguwa suna gona wajen yankan gero, bai sami mai riƙe masa ba, shi kuma ba shi da haƙurin jira. Ya kayar da tauren shi kaɗai a bayan rumbu, ya danne shi da gwiwa, ya yanka. Na ji dabbar ta yi ta bugun ƙasa fiye da yadda na saba ji, amma ban kawo komai a raina ba, mutumin da ya yi rayuwarsa cikin dabbobi. Ya feɗe, ya daddatsa mini naman, ya ajiye kai da ƙafafu a gefe don farfesun safe. Da azahar ya yi wanka, ya saka babbar rigarsa ta Salla, ya hau babur ya nufi Daura tun lokaci bai yi ba.

Ni kuwa na zage na yi girkin da ban taɓa yi ba tun ina amarya. Naman duka na zuba a babbar tukunya na tafasa, na tsame na soya, na mayar cikin miyar tumatir da tattasai da na jajjaga da hannuna. Romon kuma ban yarda ya tafi a banza ba, da shi na dafa shinkafar. Ƙamshi ya cika unguwa. Maƙwabciyarmu Tabawa ta leƙo ta kan danga tana tsokanata, wai ko sarki ne zai sauka a gidanmu. Na ce mata wanda ya fi sarki wuyar saukarwa ne.

Bayan la'asar na sauke komai, na ja wuta. Inna ta ce zaman banza ya ishe ta, in miƙo mata kan tauren ta babbake kafin duhu. Na kai mata gaban murhu. Ina wanke kwanon da za a zuba wa baƙo, sai na lura ta yi shiru da yawa. Na waiga na gan ta ta riƙe kan a cinyarta, tana ta zura yatsa a wurin yankan, ta cire ta sake mayarwa.

"Ke 'yar nan, zo ki duba mini. Idona ba ya gani."

Na zo na duba. Ku da kuka yi Islamiyya kun fi ni sanin hukuncin, amma ko mu matan ƙauye mun san wannan: in an yi yanka, dole a bar wani abu na maƙogwaro a wajen kai, ko da zobe ɗaya ne. In wuƙa ta hau sama, maƙogwaron duka ya bi gangar jiki, to a wurin malamanmu wannan dabba mushe ce. Na juya kan nan ta kowane gefe. Babu ko alama. Tauren ya fizge a lokacin da wuƙa ta sauka, babanku kuma hankalinsa yana hanyar Daura, bai duba ba.

Na zauna a ƙasa. Ga miya, ga shinkafa, babu wanda naman nan bai taɓa ba. Ga rana ta karkata. A lokacin babu waya a ƙauyenmu balle in kira babanku in ce ya biya ta wurin mahauta. Kuma mutumin da ke tafe, rantsuwarsa a kan halal da haram ya yi ta.

Inna ta ajiye kan a ƙasa, ta juyar da fuskarta wajen bango, ta ce da murya ƙasa-ƙasa:

"Na taɓa jin an ce akwai malaman da suka sawwaƙa. Ni dai makauniya ce, ban ga komai ba. Girkinki ne."

Kada ku ga laifinta. Tsohuwa ce da ta ga kabarinta kusa, ba abin da take so a duniya sai ta ji hannun 'ya'yanta biyu a kwano ɗaya. Ni ma ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta raya mini in jefa kan nan cikin wuta ya ƙone ƙurmus, ba mai sani har abada. Baffa zai ci, ya sa albarka, a shirya. Amma da na hango shi yana kai loma baki, sai na ga ba zan iya ba. Shekara da shekaru maganarsa tana ci mini rai, ina cewa ƙarya ya yi wa gidana. In na ba shi naman nan, da hannuna na mayar da maganarsa gaskiya, ko da ba wanda ya sani sai ni da Allah. Na kuma san zan riƙa ganin kan tauren nan duk ranar da ya zauna cin abinci a gidanmu.

Na tashi na ɗauki fartanya na haƙa rami a bayan rumbu, na juye miyar, na juye shinkafar, na kwaso ƙafafu da kayan ciki na haɗa, na mayar da ƙasa na ɗora dutse saboda karnuka. Ina yi ina hawaye, kuma in faɗi gaskiya rabin hawayen na tattasaina ne da man gyaɗata. Kan kawai na bari, na sa shi a roba na rufe da faifai, ban ma san dalilin da ya sa na bar shi ba.

Sai kuma tambayar da ta fi: me za a ci? Nan ni da Inna muka shiga lissafin abin da ke cikin gida, tana faɗa ina turewa, ina faɗa tana turewa. Ta ce a kama kaza. Na ce wa zai yanka, maza duk suna gona, in kuma na aika wa liman sai ya tambayi ina tauren da gari duka ya ji ƙamshinsa, asirin babanku ya tonu ke nan. Na ce tuwon dawa da miyar kuka, ta ce ba ni da garin tuwo a niƙe, kafin in surfa in daka an yi isha. Dambu kuwa turara shi kaɗai zai cinye lokacin. Ta ambaci fate, na ce ai gara a ce ba a yi girki ba da a kai wa malami fate a ranar sulhu. Taliya ba mu da ita, mai shago kuma ya tafi kasuwa. Muna cikin haka idona ya faɗa kan ƙwaryar garin ɗan wake da na haɗa don karin kumallonku, wake da dawa da ɗan rogo, na riga na niƙa tun jiya.

"Inna, ɗan wake fa?"

Ta yi wata 'yar dariya mai kama da kuka, ta ce wa ya taɓa tarar baƙon girma da ɗan wake, da magariba kuma. Sannan ta ce in ɗora ruwa.

Tukunyar da naman ya taɓa ban yarda na yi amfani da ita ba duk da na wanke, sai na ɗauko wata ta ƙasa da nake dafa magani. Na jiƙa kanwa, na zuba kuka a garin, na kwaɓa, ruwa na tafasa na shiga jefawa. Inna daga zaune ta riƙa tuna mini sauran abin da gida ya mallaka. Ta ce zabina ai suna saka a gindin danga, na je na laluba na sami ƙwai, na jefa su a ƙaramar tukunya. Ta ce zogalen bayan ɗaki fa, na zago na tafasa, ita ta daka ƙuli-ƙuli a turmin da ta saka tsakanin ƙafafunta, na yi kwaɗo. Man gyaɗa ɗan kaɗan ya rage a ƙasan kwalba, na soya shi da albasa. Akwai nonon da wata Bafulatana ta kawo da safe, na dama fura na rufe. Ina tsame ɗan waken ƙarshe ladan yana kiran salla, a daidai nan kuma na ji ƙarar babur a ƙofar gida.

Suka yi salla a masallaci suka shigo. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna kamar yadda ta ce. Tsakanina da Baffa akwai kunya irin ta suruki, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa yi masa maganar da ta wuce gaisuwa ba. Na durƙusa na ajiye kwanuka na ja da baya, na tsaya a bakin madafa inda nake iya hangen su. Babanku fuska cike da fara'a ya ɗaga murfi. Na ga fara'ar ta zube. Ya leƙa ɗaya kwanon ya ga kwaɗo, ya waigo yana nemana da ido.

Baffa ya dubi ɗan waken ya daɗe. Ashe tun daga Daura har gida babanku labarin tauren yake ba shi, yadda ya kiwata shi, yadda ya ƙi sayarwa. Ga kuma ƙamshin suya har lokacin bai bar tsakar gida ba. Duk wanda ke wurinsa abin da zai ɗauka ke nan, an dafa nama an hana shi, an ajiye masa wannan don a rama abin da ya yi ranar suna. Na ga ya janye hannunsa daga bakin kwano, idonsa ya koma kan takalminsa da ke gefen tabarma. Inna ba ta gani, amma ta ji shirun, na ji ta fara salati a hankali.

A nan na gane ba ni da wata hanya. Ko in tona babanku a gaban yayansa, ko in bar yayansa ya fita, fitar da ba dawowa. Na ɗauko robar nan, na zo na durƙusa, na ajiye ta a gaban Baffa na ɗage faifan.

Ya ɗauki kan ya matsa kusa da fitila, ya juya shi, ya sa yatsa inda Inna ta sa. Babanku ya leƙa, nan take ya gane, ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama a gonar rake. Baffa ya tambayi wa ya lura, na ce Inna. Ya tambayi ina naman, na ce yana cikin rami a bayan rumbu.

"Duka?"

"Duka, Yaya. Har shinkafar, don da romon na dafa ta."

"Wani ya gani bayan ku biyu?"

"Ba kowa."

Ya mayar da kan cikin roba ya rufe da kansa. Ya jawo buta ya wanke hannu, ya kira sunan babanku, sunan da ya yi shekaru bai kira ba, ya ce ya matso. Ya yi bisimilla ya sa hannu. Sai da ya haɗiye loma ta farko sannan ya ce, ba ni yake kallo ba, ƙofar ɗakin Inna yake kallo:

"Na baro gida na auna hatsin da zan ciyar na kaffarar rantsuwata, don na ɗauka karya ta zan yi yau saboda ke. Ashe kaffara ba ta hau kaina ba. Gidan da na rantse a kansa ba wannan ba ne."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ni kuwa na koma madafa na zauna a kan turmi, na ji wani nauyi da na yi shekaru ina ɗauke da shi ya sauka. Daga can ina jin su. Baffa ya ce wa babanku dillalin dabbobi guda bai iya riƙe wuƙa ba, ai shi ya koya masa yanka tun suna yara, da alama karatun bai zauna ba. Babanku ya ce tauren ne ba shi da tarbiyya. Na ji Baffa ya yi dariya, ban taɓa sanin yana da ita ba. Suka cinye ɗan waken tas, suka share kwaɗon, aka nemi ƙari babu. Da babanku ya tashi zai tayar da babur ya mayar da shi, Baffa ya ce a bar babur ya huta, a kama masa zakara ɗaya a kife, da safe shi zai riƙe, babanku ya yanka a gabansa. A ɗakin zaure ya kwana.

Washegari babanku ya same ni ina shara, ya tsaya yana sosa ƙeya. Na zaci faɗa zai yi don na kunyata shi. Sai ya ce abu ɗaya yake roƙo, maganar ta tsaya a tsakaninmu, don in 'yan kara suka ji ya yi mushe, ba zai ƙara shiga kasuwar Mai'adua da kai a sama ba. Na ce na ji. Kafin azahar Tabawa ta ga bawon ƙwan zabi da ruwan ɗan wake a magudana, ta haɗa da ƙamshin jiya, ta gina labarinta ta raba wa unguwa. Sunan ya bi ni har gidajen biki, har surukaina sun zo sun tarar da shi. Ya yi mini ciwo a farko, ba zan ce bai yi ba, musamman ranar da ke Rabi kika dawo daga rijiya.

Inna ta ƙara damina biyu a duniya, kuma 'ya'yanta biyun suka kama makararta, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Baffanku kuwa kun gani da idonku, duk zuwan da zai yi gidanmu har ƙarshen rayuwarsa, ko rago aka yanka sai ya leƙo tsakar gida ya ce a gaya wa ƙanwarsa ta jefa masa ɗan wake. Kuna ta dariya kuna cewa tsoho da kwaɗayin yara. Ni kaɗai na san gaisuwa ce yake yi mini, ni ma in na ɗora ruwan amsawa nake yi.